KAFIN JIRGIN MARAƊI YA FARA GUDU: MAGANAR WAYA A HANNUN DIREBA

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi mani haƙuri. Wanda kuma ke kan tuƙi yanzu, don Allah ya aje wayar, in ya isa lafiya ya karanta.

Asabar ɗin da ta wuce na je gida Boko ɗaurin auren ɗiyar yayana. Bayan la'asar muna zaune gindin darbejiya ƙofar gida, hira ta gangaro kan layin dogon Kano zuwa Maraɗi. Kowa da nashi ƙorafin. Wani na cewa me ya sa aka kewaye mu aka bi ta Kazaure da Daura, alhali mu ne kan miƙaƙƙiyar hanyar Kano zuwa Katsina. Wani na lissafin kuɗin motar da zai kashe daga Kankiya zuwa Katsina kafin ma ya ga jirgin. Can sai ɗan ƙanena, yaro mai ƙwazo da ya gama sakandare bana yana harin Jami'ar Sufuri ta Daura, ya ce mani, "Baba, ni in Allah Ya sa na zama direban jirgin nan, kullum sai na ɗauko maku bidiyo kai-tsaye daga kan jirgi, tun daga Kano har Jibiya, ku sha kallo a TikTok."

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi yaƙe, amma wallahi gabana ya faɗi. Ban ce mashi komai ba a lokacin, don ba na son in gwasale shi gaban mutane. Da na dawo Katsina abin ya ƙi barin raina, shi ya sa na zauna na yi wannan rubutu. Kuma kafin in yi wa kowa wa'azi, bari in fara da tona wa kaina asiri.

Shekara shida ke nan, cikin hunturu. Akwai wasu takardu da lallai sai sun isa Kano kafin a tashi aiki ranar, kuma fayil ɗin a hannuna yake. Aka tura direban ofishinmu, dattijo ne, ya haura shekara ashirin da biyar yana tuƙin motar gwamnati ko kaza bai taɓa takewa ba. Ya kama hanya. Oga yana kirana duk bayan minti goma, "Ya isa? Ina yake?" Ni kuma na juye zafin kan na ƙasa da ni, kamar yadda muka saba a aikin gwamnati.

Na kira shi, bai ɗaga ba. Na sake kira, shiru. A na uku ya ɗaga. Ban ko yi mashi sallama ba na ce, "Haba Malam, kira nawa zan yi maka?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina kan hanya ne, yanzu na wuce..." Bai ƙarasa ba. Na ji ƙarar birki, na ji salati, waya ta katse.

Wani yaro ne ɗan kimanin shekara goma sha biyu ya fito daga wata 'yar hanyar ƙauye bisa keke, ga hazo. Allah Ya taƙaita bai mutu ba, amma cinyarsa ta karye. Aka yi ta ɗawainiyar asibiti da ta 'yan sanda. A ofis aka ba dattijon nan takardar tuhuma, aka rubuta ganganci a fayil ɗinsa. A duk bayanin da ya rubuta bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya. Ni kuma takardar ta bi ta teburina, na karanta, na yi gum. Babu wanda ya tambayi wa ya kira shi, ni kuma ban kai kaina ba.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne, me ma zan tambaye shi? Inda ya kai. Da ya ce Tsanyawa ko ya ce Bichi, amsar ba ta ƙara mashi ko taku ɗaya zuwa Kano.

Sai da ya zo yin ritaya na samu ƙarfin halin zuwa gidansa neman gafara. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba komai, ai ni na ɗaga. Amma tsakaninka da Allah, da ban ɗaga na ukun nan ba, me za ka gaya wa oga a kaina?" Ban da amsa. Na san abin da zan ce: direban nan ba ya jin magana, ba ya ɗaga waya.

To wannan mota ce, mai sitiyari, wadda za a iya kaucewa da ita, wadda in ka taka birki za ta tsaya cikin 'yan mitoci. Yanzu mu koma kan jirgin ƙasa.

Jirgin ƙasa ba shi da sitiyari. Inda ƙarfen dogo ya nufa nan zai bi. Ƙafarsa ƙarfe ce bisa ƙarfe, shi ya sa yake iya jan kaya masu nauyin gaske da ɗan mai kaɗan, kuma shi ya sa ba ya tsayawa da wuri. Jirgi mai nauyi in yana cikin gudu yakan ci kilomita guda ko fiye bayan an taka birki. Ga lissafi mai sauƙi da ɗan aji uku na sakandare zai iya: abin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ka sunkuyar da kai daƙiƙa biyar kawai ka karanta saƙon WhatsApp, ka wuce mita 140 ido rufe, ya fi tsawon filin ƙwallo. Aikin direban jirgi kusan duk na ido ne da tunani: ya ga sigina tun daga nesa, ya tuna inda kwana take, ya san inda zai fara rage gudu. In siginar nan ta wuce bai gan ta ba, ta wuce ke nan, ba ya komawa baya ya duba.

Waɗanda suka riga mu shiga harkar sun biya kuɗin wannan darasi da rayuka. Bari in kawo guda uku, don kowanne da abin da yake koyarwa.

Na farko, Amurka. Ranar 12 ga Satumba 2008, a unguwar Chatsworth ta birnin Los Angeles, jirgin fasinja na Metrolink ya wuce jar danja ya hau layi guda da wani jirgin kaya na kamfanin Union Pacific, suka yi taho-mu-gama. Mutum 25 suka mutu har da direban, sama da 100 suka ji rauni. Da hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta karɓo bayanan layinsa daga kamfanin waya, sai aka ga saƙonni yake ta musaya yana kan aiki, wasu da samari masu sha'awar harkar jirgi. Saƙon ƙarshe ya tura shi daƙiƙa 22 kafin karon. Ba mahaukaci ba ne, ba sabon shiga ba ne. Ya saba yi ne ba abin da ke faruwa, sai ranar da ya faru.

Na biyu, Sifaniya, kuma wannan ne ya fi taɓa ni. Ranar 24 ga Yuli 2013, jirgin da ya taso daga Madrid za shi Ferrol ya kauce daga layi a wata kwana dab da birnin Santiago de Compostela. Kwanar ba a wuce gudun kilomita 80 a cikinta, shi kau ya shige ta da kusan 180. Mutum 80 suka rasa rayukansu. Direban yana kan waya ne kafin ya iso kwanar. Amma wa ya kira shi? Ba budurwa ba ce, ba aboki ba ne. Abokin aikinsa ne mai duba tikiti a cikin jirgin, ya kira shi a wayar aiki, kan maganar aiki: ta wane gefe za su tsaya a wata tasha da ke can gaba don wasu iyali su samu sauƙin sauka. Niyya mai kyau. Kiran bai cika minti biyu ba. Kafin direba ya farga inda yake, lokacin birki ya wuce. A 2024 kotu ta yanke mashi ɗaurin shekara biyu da rabi. Ranar da na fara karanta labarin nan sai da na aje waya na yi shiru, don na gane mai duba tikitin nan. Kujerarsa na taɓa zama.

Na uku, Jamus, ƙasar da muke buga misali da ita wajen bin doka. Ranar 9 ga Fabrairu 2016, kusa da garin Bad Aibling, jirage biyu suka yi karo gaba da gaba a layi guda, mutum 12 suka mutu. A nan direbobin ba su da laifi. Ma'aikacin da ke zaune a ɗakin ba da hanya ne yake wasan gem a wayarsa, ya ba jirage biyu hanya lokaci guda. Da ya gane kuskurensa ya yi ƙoƙarin kiran gaggawa, cikin ruɗewa ya danna maɓallin da ba shi ba. An ɗaure shi shekara uku da rabi. Wato maganar ba ta direba kaɗai ba ce. Mai ba da hanya, mai juya layi, mai tsaron mahaɗar titi da dogo, duk ran fasinja yana hannunsu.

To me suka yi? A Amurka, ba a rufa wata guda da haɗarin Chatsworth ba hukumar kula da jiragen ƙasa ta tarayya ta fitar da umarnin gaggawa a Oktoba 2008, daga baya aka mai da shi cikakkiyar ƙa'ida a 2010, ta fara aiki a Maris 2011. Gundarin abin shi ne: direba ya kashe wayarsa ta kansa, ya cire abin kunne, muddin jirgi na tafiya, ko akwai abokin aikinsa a ƙasa yana haɗa taragu, ko ana shirya jirgin don tashi. Kashewa fa aka ce, ba sa ta a shiru ba. Amma ba su yi dokar da ka ba, sun bar ƙofofi: in gaggawa ta taso, ko rediyon jirgi ya mutu, ana iya amfani da waya, haka na'urar lafiya irin ta taimakon ji ba a hana ba. Sannan majalisarsu ta tilasta sa wata na'ura da ke taka wa jirgi birki da kanta in direba ya doshi jar danja ko ya wuce gudun da aka ƙayyade. An yi dokar a 2008, ba a kammala sa na'urar ba sai ƙarshen 2020. Shekara goma sha biyu, a Amurka mai kuɗi. Kashe waya kuwa ko sisi ba ya ci, kuma yau ɗin nan za a iya farawa.

Yanzu mu dawo gida. Me ya sa nake ganin maganar ta shafe mu yanzu, ba sai gobe ba?

Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911. Layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya bi ta Funtuwa, an gama shi a 1929. Amma kafin aikin Kano zuwa Maraɗi, birnin Katsina da arewacin jihar nan ba su taɓa ganin dogo ba. A Fabrairu 2021 ne marigayi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin Kano zuwa Maraɗi, kilomita kusan 284, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke yi, a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu. Zai bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, ya tsallaka Nijar, da reshe zuwa Dutse. Ma'ana, zai ratsa ƙauyukan da ba mai tsoho ko yaro da ya tashi ya san halin jirgi. Ga makiyayi da garkensa, ga mai amalanke, ga 'yan makaranta da za su mai da dogo gajeriyar hanya, ga masu babur da ba su san jira ba. Kuma mun san halinmu, duk inda aka ce tasha, kasuwa za ta ci har bakin ƙarfe.

Ko Legas da suka saba da jirgi, ku tuna 9 ga Maris 2023, lokacin da motar ma'aikatan gwamnatin jihar ta yi ƙoƙarin riga jirgi tsallake dogo a Ikeja. Mutum shida suka mutu, ma'aikata irina, sun fito za su ofis. Na kawo shi ne don a ga irin filin da direban jirginmu zai yi aiki a ciki. A irin wannan wuri, daƙiƙa uku da zai riga ganin abu ya danna oda ya fara birki, su ne bambancin jinya da jana'iza.

Sannan waɗanda za su tuƙa jiragen nan nan da 'yan shekaru, su ne irin ɗan ƙanena. An haife su bayan 2001 da wayar salula ta shigo ƙasar nan. Ba su san duniyar da ba waya ba. Da ita suke kwana, da ita suke tashi. Ban ce laifinsu ba ne, mu ma iyayen nasu a masallaci ma sai an roƙe mu mu kashe. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Za a ce a ƙasar da ba tsaro, ya za ka raba ma'aikaci da wayarsa? Mu Katsinawa mun san zafin rashin sabis, mun ɗanɗana a 2021 lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13, mutane suna tafiya mai nisa don su kira 'yan uwansu kawai. Kuma daren 28 ga Maris 2022 da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna hari, ta wayoyin fasinjoji duniya ta fara sanin abin da ke faruwa. Ba mu manta da matashiyar likitar nan da ta rubuta a Twitter cewa an harbe ta a yi mata addu'a ba, wasu suka ƙaryata ta, ashe gaskiya ne, ba ta tashi ba. Don haka ni ban ce a ƙwace waya a bar ta a tasha ba. Ta kasance a jakarsa, da cikakken caji, a kashe. In bala'i ya auku ya kunna. Wayar da aka ƙarar da cajinta a kallon bidiyo ma ba ta da amfani ranar gaggawa.

Za a ce, to in matarsa na naƙuda fa, ko mahaifiyarsa ba lafiya? Wannan ma magana ce. Direba mutum ne, hankalinsa ba zai kwanta ba in ya san ba mai iya samunsa. Maganin shi ne a ba iyalan ma'aikata lamba guda ta ofishin da ke lura da zirga-zirgar jirage. In abu ya faru su kira can, a isar mashi idan ya tsaya a tasha ta gaba, a kuma tanadi mai canjinsa in ta kama. Ai ko ya ji labarin yana tsakar daji tsakanin Mashi da Katsina, ba abin da zai iya yi sai ruɗewa da ɗaruruwan rayuka a bayansa.

Wani kuma zai ce, Malam ka bar jaki kana dukan taiki, ka bar maganar gyaran layi da tsaro da albashi ka kama waya. Ban bari ba. Duk suna nan, kuma doka kan waya ba ta zama hanyar da manya za su riƙa ɗora wa ƙaramin ma'aikaci laifin lalacewar da ba shi ya jawo ba. Na ga yadda ake yin haka, da ni aka yi. Amma gyara ɗaya ba ya hana ɗaya. Kuma mutumin da aka tara wa awoyin aiki, ga gajiya ga kaɗaici a kan jirgi, shi ne ya fi saurin laluben waya don kore barci. Duk mai son dokar ta yi aiki, sai ya duba hutun ma'aikaci tare da ita.

Ga abin da nake roƙon Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya da Ma'aikatar Sufuri da wakilanmu na majalisa, tun kafin a yanke kyallen buɗe layin:

1. Ƙa'idar amfani da waya ga ma'aikatan jirgi ta fito fili. Kada ta tsaya a littafin aiki cikin durowa. A rubuta ta da Hausa da Turanci, har da Faransanci tunda za a shiga Maraɗi, a manna a kowace tasha, fasinja ya san abin da aka hana da inda zai kai ƙara.

2. Ta haɗa da kowa: direba, mataimakinsa, mai ba da hanya, mai juya layi, mai tsaron mahaɗa.

3. Hukunci ya hau kan mai kira kamar yadda ya hau kan mai ɗagawa. Duk ogan da ya kira direba a wayar hannu alhali ya san jirgi na tafiya, shi ma a ba shi takardar tuhuma. Kuma a rubuta ƙarara cewa ba a hukunta ma'aikaci don ya ƙi ɗaga waya yana kan aiki, ko wane ne ya kira. In babu wannan, sauran duk zance ne. A ƙasar nan ƙaramin ma'aikaci ya fi tsoron oga a kan jar danja.

4. A tabbatar rediyon sadarwa na jirgi yana aiki a kowane taku na layin. Muddin rediyo na mutuwa, ma'aikata za su koma kiran juna a wayar hannu, daga nan doka ta zama abin dariya.

5. Tun 2022 muna da Hukumar Binciken Haɗurra ta Ƙasa, NSIB, wadda aka faɗaɗa aikinta daga jiragen sama ya haɗa da na ƙasa da na ruwa. Duk haɗarin da ya faru, duba bayanan wayar ma'aikatan ya zama cikin matakan farko, a ga wanda ya ɗaga, a ga wanda ya kira, a kuma wallafa sakamakon. Wannan kariya ce ma ga ma'aikacin kirki, don in bai taɓa waya ba, bayanan za su wanke shi daga jita-jita.

6. Jami'ar Sufuri ta Daura da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya su sa waɗannan haɗurra cikin darasin shekarar farko. Yaro ya ga hotunan taragun Chatsworth da na Santiago tun kafin a ba shi makullin komai.

7. A sa na'urar da ke tsayar da jirgi da kanta, a kuma riƙa gyara ta. Ɗan Adam ajizi ne, ko an yi doka dubu wata rana wani zai shagala.

Ga 'yan majalisar jiharmu kuma, tun gyaran tsarin mulki na Maris 2023 harkar jirgin ƙasa ta fita daga hannun tarayya ita kaɗai, jihohi ma suna da ta cewa. Ko ba komai, wayar da kan ƙauyukan da dogo zai ratsa da lura da mahaɗun hanyoyin jiha aikinku ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma kada mu tura komai ga gwamnati mu koma gefe. Dokar hana waya a kan tuƙin mota ai muna da ita, an daɗe ana cin tarar naira 4,000 a kanta. Wa take hanawa? Shiga Golf ko Sharon daga Katsina zuwa Kano ka ƙirga sau nawa direba zai ɗaga waya kafin Gidan Mutum Ɗaya. Yana cinikin saƙo, yana faɗa da yaron tasha, hannu ɗaya a sitiyari, ya zo wucewa ta Charanci ranar kasuwa. Mu fasinja mun yi tsit, kowa na jin nauyin a ce ya cika iyayi. In wani ya yi magana a ce, "Malam, ai kwana ne in ya ƙare ya ƙare." Gaskiya ne ajali na hannun Allah. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya ɗora diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere kan kisan kuskure. Da sakaci ba komai ba ne, da ba a ɗora ba. Al'ummar da ta saba ganin direban mota na waya ta yi shiru, daga cikinta za a ɗauki direban jirgi, kuma da halin gida zai tafi aiki.

Ni dai tun daga abin da ya faru na ɗaukar wa kaina ƙa'ida. In na san mutum na kan tuƙi ba na kiransa. In dole ce, in nemi wanda ke zaune gefensa, ko in tura saƙo ya gani in ya tsaya. In na kira sau ɗaya ba a ɗaga ba, ba na jera na biyu da na uku. Na gaya wa maiɗakina da yara, in ina hanya ba zan ɗaga ba, kada hankalinsu ya tashi. Da farko an yi ta ƙorafi, yanzu an saba. Direbobin ofis kuma na gaya masu gaban kowa, duk wanda ya ɗaga kirana yana tuƙi, da shi zan yi faɗa. Sau biyu oga na neman bayani na ce mashi, "Ranka ya daɗe, yana kan hanya, sai ya tsaya." Bai ji daɗi ba, amma ba a kore ni ba, takardun kuma sun isa.

Yaron nan mai keke, na bi sawu na gan shi bara. Ya zama saurayi, yana sana'arsa, amma yana ɗingishi. Bai san ni ba. A saninsa wani tsohon direba ne ya buge shi. Na gaishe shi na wuce, na kasa gaya mashi.

Jiya da dare na kira ɗan ƙanena na ba shi wannan labari tun daga farko, abin da ko mahaifinsa ban taɓa gaya mawa ba. Ya yi shiru, can ya ce, "To Baba, in jirgin ya tsaya a tasha fa, zan iya ɗaukar bidiyon?" Na ce in ka sauka, ka miƙa aiki, ka sa hannu a littafi, ɗauki har cajinka ya ƙare, ni zan fara kallo.

Allah Ya ba shi gurbin karatun, Ya nuna mana ranar da jirgin nan zai fara aiki lafiya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanyoyinmu, Ya ba masu jinya lafiya, Ya yafe mana abin da muka jawo da saninmu da wanda ba mu sani ba. Wanda ke da ɗan uwa direba, ko na mota ko na jirgi, ya taimaka ya tura mashi. Amma don Allah a bari sai ya tsaya.